Malamin da ya ajiye alli ya koma gidan jarida: me za mu ce da Natsume Soseki?

Malam Habu Samaru: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau da tambaya na zo, musamman ga 'yan uwana masu cin abinci da alli. Mutum ne ɗan shekara 40, yana koyar da adabin Ingilishi a jami'ar da babu kamarta a ƙasarsa. Gwamnati ce ta kai shi Landan karatu da kuɗinta, har ana maganar ba shi kujerar farfesa. Ga mata, ga 'ya'ya mata huɗu, ga cikin na biyar ya tsufa. Rana tsaka ya ajiye aiki ya koma gidan jarida, wai aikinsa ya riƙa rubuta ƙagaggen labari ana bugawa kashi-kashi kowace safiya. Wannan shi ne abin da Natsume Soseki na ƙasar Japan ya yi a 1907, lokacin da ya bar Jami'ar Tokyo ya shiga jaridar Asahi. Shekara tara kawai ya ƙara a duniya bayan nan, ya rasu a watan Disamba na 1916 yana da shekara 49, gyambon ciki ya cinye shi. Amma a cikin shekarun nan tara ya rubuta littattafan da har gobe ake karantar da su a makarantun Japan. Ni dai na yi ta juya maganar a raina: hankali ne ya yi ko ganganci? Da ƙanena ne, wallahi sai na tara masa dangi.

Injiniya Lawal: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ni ban ga abin juyawa ba. Talakawa sun biya haraji an kai ka Turai, ka dawo ka bar ɗalibai ka tafi rubuta tatsuniya. Cin amana ke nan, ko da wane suna aka kira shi.

Zainab Ɗaliba: Yaya Lawal, a yi haƙuri, lissafin bai cika ba. Ya dawo Tokyo a farkon 1903, ya koyar shekara huɗu cur kafin ya tafi. Kafin Landan ma ya koyar a Matsuyama daga 1895, sannan a Kumamoto daga 1896 zuwa 1900. Kuma darussan da ya gabatar a jami'a bai tafi da su a aljihu ba, ya tattara su ya buga littafin nazarin adabi mai suna Bungakuron a shekarar da ya bar aiki. Batun kuɗi kuwa, Baba Malam, kada ka tausaya masa da yawa. Jami'a tana ba shi yen 800 a shekara, sai ya haɗa da koyarwa a wasu makarantu biyu kafin tukunya ta tafasa. Asahi ta yanka masa yen 200 a wata, ban da ihsani. Wato ya bar wurin daraja ya koma wurin da ake ƙoshi.

Ɗan Maraɗi: To ashe ba waliyyi ba ne, ɗan kasuwa ne ya ga riba 😂

Zainab Ɗaliba: Shi da kansa bai ɓoye ba. A rubutun farko da ya yi wa masu karanta jaridar ya nuna cewa in aikin jarida sana'a ce, to aikin jami'a ma sana'a ce, bambancin kawai wancan na 'yan kasuwa ne, wannan na hukuma. Har ƙorafi ya yi kan haushin kare da ke damunsa yana tsakiyar darasi, da surutun ma'aikatan ɗakin karatu. Mutumin akwai baƙar magana.

Malam Habu Samaru: 'Yata Zainab, na ji batun albashi, amma ki tuna albashin hukuma yana da fansho, yana da tabbas. Jarida kuwa yau ana sonka, gobe a ce masu karatu sun gaji da kai. Kuma a Japan ta wancan zamani malamin Jami'ar Tokyo ba ƙaramin mutum ba ne, ɗan jarida kuwa ba a ɗauke shi bakin komai ba. Don haka ban yarda cewa kuɗi kaɗai ne ya ja shi ba. Wani abu ne ya kore shi daga ajin, kuma ina zargin tun daga Landan ya taho da shi.

Dakta Nafi'u: Malam ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Bari in ɗan tsawaita.

Ma'aikatar ilimi ce ta tura shi Ingila a 1900, ya isa Landan a ƙarshen watan Oktoba. Abin da ake ba shi yen 1,800 ne a shekara, wanda bai isa zaman Cambridge irin na 'ya'yan masu hali ba, sai ya zauna a Landan. Ya ɗan halarci darussa a jami'a ya daina, ya koma ɗaukar karatu a gidan wani masanin Shakespeare mai suna William Craig, daga baya wannan ma ya bari. Ya yi ta sauya gidan haya har ya ƙare a unguwar Clapham. Kuɗin abinci yake matsewa ya sayi littattafai, ya kulle kansa a ɗaki yana karatu yana cika takardu da ƙananan rubutu. Ga shi gajere a cikin dogayen Turawa, ga zanzanar agana a fuska tun yarinta, kullum yana jin kamar ana kallonsa. Yana can labarin mutuwar babban amininsa, mawaƙi Masaoka Shiki, ya riske shi a 1902. Abin ya kai har aka aika wa hukuma a Tokyo cewa Natsume ya taɓu. Matar gidan da yake haya ce ta matsa masa ya koyi hawan keke ko ya sha iska.

To amma abin da ya fi muhimmanci shi ne tambayar da ta hana shi barci. Ya tashi da karatun Sinanci, ya san daɗin waƙar Sin tun yana yaro. Ya shiga adabin Ingilishi yana zaton abu ɗaya ne, sai ya tarar ba haka ba. Bature ya ce wannan baiti yana da daɗi, shi bai ji daɗin ba, amma dole ya koma aji ya gaya wa yara yana da daɗi, don Bature ya faɗa. Ya ga cewa ya share shekaru yana tauna da haƙoran aro. A laccar da ya yi a makarantar Gakushuin a 1914 ya ba da labarin nan da bakinsa, ya ce a ɗakin hayar Landan ne ya gane ba shi da mafita sai ya kafa ma'auninsa da kansa, ya daina jingina da ra'ayin wasu. Mutumin da ya kai nan a tunani, yaya za a yi ya ƙare rayuwarsa yana fassara wa ɗalibai littafin wani?

Injiniya Lawal: Dakta, duk wanda ya je karatu waje ya sha sanyi da kaɗaici. Ba kowa ne ya dawo ya ajiye aiki ba.

Dakta Nafi'u: Haka ne, amma ba kowa ne ya dawo ya tarar da abin da ya tarar ba. Kujerar da aka ba shi ta Lafcadio Hearn ce, Baturen da ya zama ɗan Japan, wanda ɗalibai ke mutuwar so saboda yadda yake jan su cikin labari. Aka sallami Hearn, aka kawo musu Soseki mai tsattsauran nazari da bin ƙa'idar nahawu. Yara suka yi masa kallon kishiya. Ciwon nasa ya tashi sabo. A wannan hali ne Takahama Kyoshi, mai kula da mujallar Hototogisu, ya ce masa ya ɗan rubuta wani abu ko zuciyarsa ta yi sanyi. Abin da ya fito shi ne Wagahai wa Neko de Aru a Janairun 1905, labarin da kyanwa marar suna ke bayarwa game da maigidanta, wani malamin Ingilishi mai ciwon ciki da abokansa masu surutun banza. Kansa yake yi wa dariya. Kashi ɗaya aka yi niyya, jama'a suka ce a ci gaba, ya kai kashi 11.

Ɗan Maraɗi: Yaya za a ce da sunan littafin a Hausa? Ni Mage Ce?

Zainab Ɗaliba: Ba zai fito da barkwancin ba. Kalmar wagahai irin “ni” ce ta masu ji da kai, ta manya masu tinƙaho. Ka ɗauka muzurun bola ne ya gyara zama yana cewa “mu” irin ta sarakuna. Ni da “Mu Ne Muzuru” zan ce. Kuma ƙarshensa abin tausayi: ya lashi ragowar giyar baƙi, ya faɗa randa ya nutse.

Hajiya Ummu Safiya: Ina ta karanta ku, kowa na maganar Landan da albashi da muzuru, babu wanda ya tambayi halin da matar gidan take ciki. Sunanta Kyoko, an ɗaura musu aure a 1896 a Kumamoto. Yarinya ce 'yar babban ma'aikacin gwamnati, an ɗauke ta daga Tokyo an kai ta garin da ba ta san kowa ba, ta yi ɓari, damuwa ta kai ta har ta faɗa kogi, Allah ya sa aka tsamo ta da rai. Ya tafi Landan ya bar ta da goyo da ciki, ga mahaifinta arziki ya karye. Ya dawo ba da tsaraba ba sai da zargi: yana ganin ana leƙensa, ana haɗa baki a kansa, yana dukan yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. A 1903 sai da ta koma gidan iyayenta na wani lokaci da tsohon ciki. Bayan duk wannan, almajiransa suka laƙaba mata sunan muguwar mata, wai ba ta tashi da wuri, wai ba ta san darajar malam ba. Ita ta haifa masa 'ya'ya bakwai, ita ta yi jinyarsa. Bayan rasuwarsa ta ba surukinta labarin zaman nasu ya rubuta, littafin ya fito a 1928, kuma ɗansu Shinroku ma ya rubuta yadda uban ya taɓa jibgarsa da sanda a bainar jama'a yana ƙaramin yaro. Don Allah in za a yabi alƙalami a riƙa tunawa da wadda ta sha hayaƙin murhu.

Malam Habu Samaru: Hajiya, gaskiyarki. Ban san wannan ɓangaren da zurfi haka ba. Jikina ya yi sanyi.

Injiniya Lawal: Kun gani ko? Wanda bai iya riƙe gidansa ba shi ne za a ce ya koya wa al'umma zaman duniya.

Dakta Nafi'u: Ba na kare duka, Hajiya, kuma ba na musa ko ɗaya daga abin da kika faɗa. Abu biyu zan ƙara. Na farko, mutumin ba shi da lafiya, kuma ita Kyoko ta gane haka, shi ya sa ta ƙi rabuwa da shi bayan likita ya yi mata bayani. Na biyu, ku dubi inda ya fito. An haife shi a 1867 a Edo, garin da aka sauya wa suna zuwa Tokyo shekara ɗaya bayan nan. Sunansa na yanka Kinnosuke. Ubansa mai unguwa ne, ya haura 50, uwar ta haura 40, haihuwar ta zame musu abin kunya. Tun yana jariri aka miƙa shi ga wasu masu sayar da tarkace, har wata yayarsa ta gan shi a kwando a bakin rumfa da dare ta ɗauko shi. Sai aka sake ba da shi riƙo ga gidan Shiobara. Da auren masu riƙon ya mutu aka mayar da shi gida yana wajen shekara tara, yana kiran iyayensa kaka, don haka aka gaya masa. Wata 'yar aiki ce ta raɗa masa gaskiya cikin dare. Sunan Natsume bai dawo masa a takarda ba sai 1888, bayan uban ya biya uban riƙon kuɗin ɗawainiya, kamar ana fansar jingina. Da ya yi suna kuma tsohon ya sake ɓullowa yana neman kuɗi.

Duk wannan ya zuba shi a Michikusa a 1915. Kuma abin da ya sa nake girmama littafin, bai wanke kansa ba. Mijin da ke cikin labarin mai taurin kai ne, mai ganin ya fi matarsa ilimi, kuma marubucin yakan tsaya ya nuna inda matar ta fi shi gaskiya.

Hajiya Ummu Safiya: Ya amsa laifi a takarda, an biya shi kuɗin rubutu. Ita fa?

Dakta Nafi'u: Wannan tambayar ba ni da amsarta, Hajiya.

Sadiya Gombe: Ni dai abin da na sani game da shi guda ɗaya ne, shi ne wanda ya ce wa ɗalibinsa Bajapane ba ya cewa “ina sonki”, sai dai ya ce “wata ya yi kyau yau”. Kunya irin tamu ta Fulani 😍

Zainab Ɗaliba: Anti Sadiya, labarin yana da daɗi amma ba ya cikin rubutunsa, ba ya cikin abin da almajiransa suka rawaito. Shekaru da yawa bayan mutuwarsa ya fara yawo. Irin maganganun nan ne da ake rataya wa manya don su yi nauyi.

Sadiya Gombe: Kin ɓata mini rana wallahi.

Alhaji Ɗanladi Nima: Gaisuwa daga Ankara ta ƙasar Gana. Ni ta hanyar kuɗi na san fuskar mutumin nan. Hotonsa ne a takardar yen 1,000 daga 1984 har 2004. Wanda ya gaje shi a takardar kuwa namu ne ta wani ɓangare: Noguchi Hideyo, likitan da ya zo binciken cutar shawara ya mutu a nan Ankara a 1928, har akwai cibiyar bincike mai sunansa a Legon. Tambayata ga Injiniya: in cin amana ya yi, me ya sa gwamnatin da ya bar wa aiki ta manna fuskarsa a kuɗinta shekara 20?

Injiniya Lawal: Alhaji, gwamnati ai ba ta da zuciya. In ka mutu ka yi suna kowa naka ne.

Malam Habu Samaru: Abin dariyar shi ne da yana raye da wuya ya yarda. A 1911 ma'aikatar ilimi ta aika masa da digirin dakta na adabi yana kwance a asibiti, ba tare da an tambaye shi ba. Ya mayar musu, ya ce shi yana so ya ci gaba da zama Natsume kawai kamar yadda yake. Suka ce doka ba ta san mayarwa ba, ya ce shi ma bai san karɓa ba, aka bar maganar a haka. Ko sunan alƙalamin nasa daga wani tsohon labarin Sin ya ɗauko shi, na mutumin da ya yi tuntuɓen harshe ya ce zai kurkure baki da dutse ya yi matashi da ruwa, da aka gyara masa ya ƙi janyewa. Soseki ke nan: kurkure baki da dutse. Mai kafiya.

Bashir Kazaure: Tunda ana tone-tone bari in ƙara nawa. A 1909 abokinsa Nakamura Zeko, shugaban kamfanin jirgin ƙasa na Kudancin Manchuriya, ya gayyace shi yawo Manchuriya da Koriya. Wannan kamfani hannun mulkin mallakar Japan ne. Ya dawo ya rubuta labarin tafiyar a Asahi, da kalmomin raini a kan leburori 'yan Sin. Shekara ɗaya bayan nan Japan ta haɗiye Koriya. Mutumin da ya ji zafin kallon da aka yi masa a Landan, shi ne ya je ya yi wa wasu irinsa.

Dakta Nafi'u: Wannan gaskiya ne, kuma masana a Japan da Koriya sun daɗe suna tattauna shi. Sai dai shi ɗin ne kuma ya tsaya a Wakayama a 1911 ya gaya wa jama'a cewa ci gaban Turawa daga cikinsu ya tsiro, na Japan kuwa daga waje aka ɗora mata, tana gudu tana tsallake matakala, kuma ƙarshen irin wannan gudu ciwon damuwa ne. Ya faɗi haka shekara shida bayan Japan ta ci Rasha da yaƙi, lokacin da kowa ke buga ƙirji. Ya hango ciwon ƙasarsa sarai, bai hango na maƙwabta ba.

Zainab Ɗaliba: Baba Malam, in koma kan tambayarka ta farko. Ni hujjata ita ce jerin aikin. Gubijinso 1907, wanda ya yi farin jinin da har kantin Mitsukoshi ya fitar da yadin yukata, wata rigar shan iska ta Japan, da sunansa. Sanshiro 1908, Sorekara 1909, Mon 1910. A watan Agustan 1910 ya je jinya Shuzenji ya yi aman jini, ya suma kusan rabin sa'a, har an fara aika wa dangi. Ya tashi ya ci gaba: Kojin, sannan Kokoro a 1914. Duk a jarida, kowace rana kashi ɗaya, sai in ciwo ya kwantar da shi. Malamin da ke koyarwa a makarantu uku ba zai iya wannan ba. Kuma bai daina koyarwa ba, aji kawai ya sauya: duk ranar Alhamis matasa na taruwa a gidansa, cikinsu har da Akutagawa Ryunosuke wanda babbar kyautar adabin Japan ke ɗauke da sunansa yau.

Sadiya Gombe: Kashi ɗaya kullum? Ashe irin na marubutanmu na WhatsApp ne, masu “mu haɗu a shafi na gaba”.

Ɗan Maraɗi: Bambancin shi ba a tura masa katin waya 😂

Hajiya Ummu Safiya: Kokoro ɗin nan shi kaɗai na karanta, a fassarar Turanci, kuma ya tsaya mini a rai. Wani ɗalibi ya haɗu da wani dattijo a bakin teku a Kamakura, yana kiransa Sensei, wato Malam. Malam ba ya aiki, ba ya shiga mutane, duk wata sai ya je wani kabari shi kaɗai. A ƙarshe ya aiko wa yaron doguwar wasiƙa. Ashe maraya ne, ƙanen ubansa ya cinye masa gado, ya rantse ba zai ƙara yarda da ɗan Adam ba. Sai ga shi shi ma ya ci amanar amininsa K: abokin ya gaya masa yana son 'yar matar gidan da suke haya, shi kuma ya zagaya ya riga shi neman aurenta. K ya kashe kansa. Malam ya auri yarinyar ya zauna da ita shekaru bai taɓa gaya mata ba. Inda ya ƙona mini rai ke nan. Ya rubuta wa wani yaro sirrinsa shafi bayan shafi, matar da ke dafa masa abinci kuwa ya ce a bar ta cikin duhu, wai don kada zuciyarta ta yi datti. Wa ya tambaye ta?

Injiniya Lawal: Kuma a ƙarshe shi ma ya kashe kansa. Littafin da mutum biyu suka hallaka kansu shi ake ba yaran sakandare. Mu dai addininmu ya haramta, ban ga darasi a nan ba.

Dakta Nafi'u: Haramcin babu jayayya, Injiniya. Amma littafin bai yi wa abin ado ba. Ka tuna lokacin: Sarki Meiji ya mutu a 1912, ranar jana'izarsa Janar Nogi da matarsa suka kashe kansu don bin ubangidansu, ƙasar ta rabu biyu, wasu na yabo wasu na cewa wannan tsohon yayi ne. Soseki ya ɗauki wannan ya sa a bakin mutumin da ya rasa inda zai kai laifinsa. Ba shi da wanda zai roƙa gafara, ba shi da wanda zai gaya wa. Ni abin da na karanta a ciki shi ne yadda mutum ke ruɓewa in ya kulle laifi a ciki shekara da shekaru. Kuma ka lura K ma ɗan riƙo ne, an ba da shi wani gida, daga baya gida biyun suka yafe shi. Marubucin bai yi nisa da kansa ba.

Malam Habu Samaru: Abin da ya fi taɓa ni shi ne watanninsa na ƙarshe. Yana rubuta Meian da safe, da yamma kuma ya koma rubuta waƙoƙi da Sinanci irin na karatunsa na yarinta, kamar dai ɗan bokon da ya tsufa ya koma kan allonsa. Littafin ya tsaya a kashi na 188, bai ƙarasa ba. An binne shi a Zoshigaya, maƙabartar da ya sa Malam na cikin Kokoro yake zuwa ziyara. Na fara zaren nan ina cewa da ƙanena ne sai na tara masa dangi. Yanzu ina ganin da na tara su, a kan maganar gidansa zan tara su, ba a kan maganar aiki ba.

Injiniya Lawal: Ni har yanzu ina kan bakata a batun ɗalibai. Amma zan nemi na muzurun in karanta, shi ne na ga alamar ba kuka a ciki.

Zainab Ɗaliba: Yaya Lawal, fara da Botchan na 1906, ya fi gajarta. Labarin wani matashin malamin lissafi ne ɗan Tokyo mai zafin kai da aka tura makarantar karkara, ya laƙaba wa kowane malami sunan tsiya, yara suka zuba masa fari a shimfiɗa. A Matsuyama aka gina shi, inda shi Soseki ya koyar yana karɓar yen 80 a wata, fiye da shugaban makarantar. Har yau garin na alfahari da littafin duk da zagin da ya sha a ciki.

Ɗan Maraɗi: Fari a shimfiɗa? Da a Maraɗi ne ai sun yi masa kyauta, sai dai ya nemi yaji da mai.

Hajiya Ummu Safiya: Zainab, in akwai fassarar littafin Kyoko ki turo mini ta akwati. Nata nake so in ji.